Ba Kowace Jif Ke Shiga Taɓo Ba

Mu dai a unguwarmu, muddin mota ta yi tsayi, bayanta ya yi tudu, to ta zama jif, kuma jif a wurinmu ba ta kafewa. Haka muka ɗauka, haka muke gaya wa juna a ƙofar masallaci da teburin mai shayi. Mutum ya sayo Highlander ko CR-V, mu taru mu zagaye ta, mu ƙwanƙwasa bodi, mu leƙa kujeru, mu yi addu'ar Allah ya tsare, Allah ya sa rai aka yi wa. Sai wani ya ce, "Alhaji, ai yanzu kai da damina sai dai ku gaisa." Kowa ya yi dariya, a watse.

Sai watan Agusta ya kama. Ruwa ya kwana yana zuba, a tashi ɗaurin aure a ƙauye, a sauka daga kwalta. Ba a yi wata tafiya ba motar ta zauna a taɓo, ƙafafun gaba suna ta wulwulawa suna watsa laka, na baya suna tsaye ko motsi babu. Manyan mutane su tattare babbar riga su fito, samarin ƙauye su zo turi. Ana cikin haka tsohuwar Hilux ɗauke da buhunan taki ta zo ta ratsa ta gefe ta wuce, ko direbanta ya tsaya ya ɗaura igiya ya fizgo su. Daren ranar gardama ta samu a majalisa. Wannan ya ce dillali ne ya yi cuta, wancan ya ce direba ne bai iya ba, wani dattijo ya ce motocin yanzu duk kwali ne. Kowannensu na iya samun ɗan rabonsa na gaskiya, amma tushen maganar shi ne motocin da ke jan ƙafa huɗu gida biyu ne, 4WD da AWD, kuma aikin da aka ƙera kowanne dominsa daban ne. Kama da wane ba ta wane. Rashin sanin wannan yana cin kuɗinmu kullum a gareji, wani lokaci har ya taɓa rai.

Abin yana farawa ne daga kwana. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san idan aka kai ƙarshen kunya za a juya, sa na waje sai ya yi taku da yawa, na ciki kuwa kusan a wuri ɗaya yake juyawa. Haka ƙafafun mota suke a kwana: ta waje ta fi ta ciki tafiya, na gaba kuma sun fi na baya zagaye. Ƙafa huɗu, hanya huɗu, gudu huɗu. Shi ya sa aka sa wata ƙwaryar ƙarfe mai haƙora a tsakiyar aksul, wadda makanikai ke kira difaranshal, don ta bar ƙafar dama da ta hagu kowace ta juya gwargwadon tafiyarta. Amfaninta a kwalta ke nan, kuma nan rauninta yake a taɓo, domin da ƙafa ɗaya ta samu santsi ita za ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya.

Gidan farko, wato 4WD na asali, shi ne na Hilux da Land Cruiser a-kori-kura da tsohuwar Patrol. Waɗannan a kwalta ƙafar baya kawai ke ja. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya, taransifa, da 'yar gajeruwar sandarsa kusa da ta giya, ko maɓallin murɗawa a sababbi. Ita muke ce wa agzilari. Za ka ga an rubuta 2H, 4H da 4L. Idan ka sa 4H, taransifa ta ɗaure gaba da baya wuri ɗaya, dole su juya da gudu ɗaya, ba sassauci. Idan ka tsaya cak, ka sa giya a firi, ka tura ta 4L, sai motar ta rage gudu ta ninka ƙarfi, a Hilux kusan ninki biyu da rabi. Da wannan ake hawa tudu mai duwatsu a hankali, da shi ake fita daga rairayi ba tare da an ƙona kuloci ba, da shi ake gangarowa daga dutse injin yana riƙe da mota ba birki kaɗai ba.

To ga abin da muke yi. Wasunmu, musamman yaran da aka ba tuƙin motar ofis ko ta maigida, da an fita daga taɓo an hau kwalta sai su bar agzilari a ciki, wai mota ta fi kama ƙasa. Ɗaurin nan da ya cece ka a laka shi ne zai karya ka a kwalta. A rairayi ko taɓo, idan gaba ya so ya fi baya tafiya, taya tana ɗan zamewa abin ya warware. A busasshiyar kwalta ba wurin zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa. Za ka ji sitiyari ya yi tauri, tayoyi suna kuka suna ɗan tsalle idan ka sha kwana, sandar agzilari ta ƙi fita ko ka danna da hannu biyu. Wanda ya sani sai ya miƙe sitiyari ya yi ribas kaɗan, ta saki. Wanda bai sani ba ya ci gaba, ranar nan shaf ya tsinke ko taransifa ta fara ƙara, a ce ai kayan ne ba su da kyau.

Wasunmu kuma akasin haka. Sandar nan tsoronta suke ji. Mota ta shekara uku a hannunsu ba su taɓa ta ba, wai kada a lalata. Alhali littafin da Toyota ke haɗowa da irin waɗannan motoci ya ce a riƙa tafiya da ƙafa huɗu kamar kilomita 16 kowane wata, don mai ya zagaya kayan gaba. Ranar da ake buƙatarta a tsakiyar fadama ita ce ranar da za ta ƙi shiga. Sannan akwai tsofaffin da ke da makulli a cibiyar ƙafafun gaba, wanda sai ka fito ka murɗa da hannu. Sau nawa mutum ya sa agzilari yana ta taka totur, gaba ba ta ja, ashe cibiyar a buɗe take? Tsofaffin direbobi tun daga bakin kwalta suke fitowa su kulle ta, kafin takalmi ya shiga laka.

Gida na biyu, AWD, shi ne ya cika layukanmu: RAV4, CR-V, Highlander, Venza, Lexus RX, Murano. Ba sanda, ba 4L, ba abin da direba zai yi. Motar da kanta take raba ƙarfi. A yawancin na yanzu ƙafar gaba ce ke ja, sai na'ura ta ji ta fara zamewa sannan wani ɗan kuloci ya kama ya tura wani kaso baya. Wasu tsofaffi, da irin su Subaru, kullum ƙafa huɗu ke ja, amma da sassauci a tsakiya, shi ya sa suke shan kwana a kwalta lafiya lau. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai a tuna don wa aka yi ta. Subaru ta fara sayar da ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu a 1972 a Japan, ƙasar dusar ƙanƙara. Audi ta fito da Quattro a 1980 ta nuna wa duniya amfanin abin a gudu kan hanya mai santsi. RAV4 ta zo a 1994, CR-V a 1995. Mai saye da aka yi wa lissafi shi ne irin magidancin Kanada ko arewacin Amurka da zai kai yara makaranta a kan titin da ƙanƙara ta rufe. Bayan ya more ta shekaru, ta hau jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Legas, ta iso hannunmu, mu kuma mu nufi jigawa da ita.

A ruwan sama kan kwalta, ko hanyar burji mai ɗan santsi, ko layin unguwa da ya jiƙe, AWD tana aiki sosai, ba wanda zai raina ta. Amma ka shiga rairayi mai zurfi da ita, ɗan kulocin nan zai yi ta kamawa yana saki har ya ɗau zafi, kwamfutar motar ta kashe shi don kada ya ƙone, ka koma mai jan gaba kawai a daidai inda ka fi buƙatar baya. RAV4 ta 2006 zuwa 2018 tana da maɓallin kulle gaba da baya, amma da ka wuce kilomita 40 a awa yake sakin kansa. Na fitar da kai daga ɗan wuri ne, ba na yini a daji ba. Ga cikinta kusa da ƙasa, ga robobi a ƙarƙashi.

Wani abin da ke ƙara rikita mu, rubutun bayan mota ba ya raba gardama. Honda ta daɗe tana rubuta 4WD a bayan CR-V, Toyota ma haka a wasu RAV4 da Highlander, alhali tsarinsu na AWD ne. Mafi muni, da yawa daga cikin waɗannan motoci da ake sayarwa a Amurka gaba kawai suke ja tun daga masana'anta, bodi ɗaya, tsayi ɗaya, ba abin da ido zai bambance daga nesa. Hanyar sani ita ce a durƙusa. Ka leƙa ƙarƙashi: akwai dogon ƙarfen nan, farfela, da ya taho daga giyabos zuwa baya? Akwai ƙwaryar difaranshal tsakanin ƙafafun baya, da shaf biyu da suka fita daga cikinta? In babu, ko me dillali ya rantse da shi, motar gaba take ja. Mu kuwa kunyar durƙusawa muke ji a gaban dillali, kada shadda ta yi ƙura, kada a ce ba mu yarda da mutum ba. Ni a ganina ba rashin yarda ba ne mutum ya duba abin da zai zuba miliyoyi a kai. In ba za ka iya ba, tafi da makanikenka ya shiga ƙarƙashi.

Akwai kuma masu ƙafa a gida biyu, kamar Prado ta zamani, da yawancin babbar Land Cruiser tun daga ƙirar 1990, da Lexus GX da LX. Kullum ƙafa huɗu ke ja, akwai difaranshal na uku a tsakiya, amma akwai maɓallin kulle shi kuma akwai 4L. Su ne masu tsada, kuma abin takaici yawancinsu ba su san wata hanya ba sai daga gida zuwa ofis.

In kana son ganin inda 4WD na gaske yake cin abincinsa, ka je arewacin Yobe wajen Yusufari da Tulo-Tulo, inda tudun rairayi ke cinye hanya. Ka je baƙar ƙasar nan ta gabashin Barno, wajen Dikwa da Gamboru, wadda da ta sha ruwa take kama taya ta ƙi saki. Ka hau Mambila ka ga tsofaffin Land Rover suna jigilar kaya tsakanin ƙauyukan da ke bayan Gembu. Ko ka tsaya a Agadas ka kalli Hilux da Land Cruiser masu keta Tenere zuwa Dirku da Bilma. A 1987 ma a kan a-kori-kurar Toyota kusan 400 da Faransa ta ba su sojojin Chadi suka fatattaki rundunar Libiya mai tankoki a Fada, har aka sa wa faɗan suna Yaƙin Toyota. Direbobin Sahara kuwa za su gaya maka agzilari rabin aiki ce. Kafin su shiga rairayi sai sun rage iskar taya don ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona shi, kuma ba sa tafiya babu shebur da famfon iska. Mu a nan, da mota ta fara nutsewa sai mu ƙara taka totur, ta haƙa wa kanta rami har ciki ya zauna a ƙasa.

Yanzu ga wadda ta fi zama ruwan dare a garejojinmu: cire farfela. Mota ta fara ɗan kaɗawa ko gurnani daga ƙasa, sau da yawa boris ɗin tsakiyar farfela ne ya ci, ko man difaranshal ya tsufa. A je gareji, makanike ya ce, "Ranka ya daɗe, a cire ta kawai. Ai a gari kake yawo, kuma za ka ga ta rage shan mai." Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan magana ta ƙara shiga kunne, kuma ba na ganin laifin magidancin da ke neman sauƙi, kowa ya san halin da ake ciki. Amma a yi lissafi. Ka biya ƙarin kuɗi don AWD, ka cire abin da ke kai ƙarfi baya, amma har yanzu kana ɗauke da nauyin taransifa da difaranshal da shaf, suna kuma juyawa tare da ƙafafu. Ragin man da za ka samu kaɗan ne. A motocin da ke jan gaba sai an buƙaci baya, asararka ita ce ka rasa abin da ka saya. A masu difaranshal a tsakiya kuwa, irin tsohuwar RX300 da Highlander ta farko, gyaran gangar auzinawa ne: ƙarfin injin zai riƙa tserewa ta inda aka cire, abin da ke riƙe tsakiya ya yi ta aiki har ya ƙone, ƙarshenta a kai ga walda a cikin taransifa. Irin wannan mota, ko ka sa ta a P tana iya gangarawa in ba ka ja birkin hannu ba, a layin da yara ke wasa. Daga baya kuma a sayar wa wani bawan Allah a matsayin fo-wil, ba a gaya masa farfelarta tana jingine a bayan gareji ba. Wannan kam cin amana ne, kuma a tsakaninmu muke yi wa juna.

Sai taya. Mu ba ma sayen taya huɗu, ɗaya muke saye, ranar da ta fashe. A je wajen mai faci a zaɓo 'yar Beljiyam mai ɗan dama-dama, in lambar ta yi kusa shi ke nan. Ka duba motoci goma a layinmu, da wuya ka samu uku da tayoyinsu huɗu suke kamfani ɗaya, lamba ɗaya. A mota mai jan gaba kawai abin da ɗan sauƙi. A AWD kuwa ciwo ne mai cin jiki a ɓoye, domin motar tana gane santsi ne ta bambancin juyawar ƙafafu. Sabuwar taya da wadda ta cinye, ko lambarsu ɗaya, zanensu na iya bambanta da milimita 6, wanda ke sa zagayensu ya bambanta da kusan santimita 4. Daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, taya tana juyawa sama da sau 100,000. Ka ga tsohuwar za ta fi sabuwar juyi wajen 1,800 a tafiya ɗaya. Duk tsawon hanyar nan kayan tsakiya suna ɗauka zamewa ake yi, suna ta kokawa suna ɗaukar zafi. Subaru ta ce kada zagayen tayoyin motarta ya bambanta da fiye da kamar milimita 6. Wanda ba zai iya sayen taya huɗu iri ɗaya ba, gaskiya AWD za ta wahalar da shi, gara ya san haka tun kafin ya biya. Haka man taransifa da na difaranshal: baƙin mai muke juyewa, waɗannan biyun sai mota ta tsufa ba a buɗe su ba, ko bayan an ratsa ruwa har gwiwa, alhali ruwa na shiga ya mayar da man fari-fari kamar koko. Gurnanin da tsohuwar CR-V ke yi a kwana sau da yawa juye man baya da irin nata na Honda kawai yake so.

Akwai maganar da nake so matasanmu su ji da kyau. Jan ƙafa huɗu yana taimakon tashi, ba ya taimakon tsayawa. Kowace mota, har ƙaramar Corolla, da ƙafa huɗu take taka birki. Mai AWD yana jin motarsa ta kama ƙasa a ruwan sama, sai ya saki jiki ya ƙara wuta, ranar da tirela ta tsaya a gabansa ko saniya ta ɓullo, nauyinta da santsin tayarta ne za su yi hukunci. Motar da ta ɗaga sama kuma ta fi ta ƙasa-ƙasa saurin kifewa in an fizgi sitiyari. Mun yi jana'izar da bai kamata a ce gudu ne sanadinta ba.

Dattawan majalisa sukan tuna mana da 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975. Baya kawai take ja, amma ba ƙauyen da ba ta shiga ba, saboda cikinta a ɗage yake, kuma direbobin lokacin sun san karatun hanya: su tsaya, su taka da ƙafa, su ga inda ƙasa ke da ƙarfi. Na yarda da su. Wanda rayuwarsa daga gida sai kasuwa sai ofis, mai jan gaba da taya mai kyau ta ishe shi, ga sauƙin mai ga sauƙin gyara. Mai yawan bin dogon titi da damina, AWD za ta amfane shi in zai riƙe ta da haƙƙinta.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne motar asibitin ƙauye. Ƙungiyar ci gaban gari ta yi karo-karo, ko wani mai hali ya yi niyyar alheri, a sayo jif mai ƙyalli a kai wa ɗakin shan magani, a yi taro a yi addu'a. Niyya ta yi kyau, amma in motar AWD ce, ko mai jan gaba ce da rigar jif, to a watannin da aka fi buƙatarta, lokacin zazzaɓin yara da naƙudar dare, a bakin fadama za ta tsaya, a koma ɗaukar mace a kan babur ko amalanke. Duk wanda za a tura sayen irin wannan mota, ya nemo mai 4L ko da tsohuwa ce, ya gwada agzilarinta a kan ƙasa kafin a biya, a sa mata taya biyar iri ɗaya har da safaya, a ajiye shebur da igiya mai ƙarfi da famfon iska a bayanta. Direban da za a ba kuma a haɗa shi da tsohon direban da ya san hanyar, su fita tun da rani ya koyi sa 4H da 4L da cire su.